Na huda ƙarfe don ya rage nauyi kamar ƙashi, sai ya tsage: ina kuskuren yake?

Mai Walda: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Shekara tara ke nan ina haɗa keken guragu, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ƙorafin da na fi ji daga masu hawa shi ne nauyi. Mai lafiyar ƙafa ba zai gane ba, amma wanda da damtsensa yake tura kansa da keken, kowane kilo a kafaɗa yake jin sa, balle in hanya ta yi yashi ko tudu. Kwanakin baya wani yaro ya nuna min hoton wani ƙarfen jirgin sama a wayarsa, duk ramuka da rassa kamar cikin ƙashi, ya ce haka ake rage nauyi yanzu. Sai na gwada. Farantin ƙarfen da ke riƙe da fedar hannu na yi masa ramuka shida. Sati biyar aka dawo min da keken, ya tsage daga bakin rami ɗaya har gefe. Allah ya kiyaye mai shi bai faɗi ba, amma abin ya tsaya min a rai. Maganar ƙashin nan gaskiya ce, ko ni ne ban yi daidai ba?

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗana, mai da ƙarfenka yadda yake. Ƙashi halittar Allah ne, ƙarfe kuwa ƙarfe ne. Ni tun ina yaron shago duk abin da na ga an rarake don a rage masa nauyi, ƙarshensa hannun mai walda. Gara mutum ya ce keken da nauyi a kan ya ce ya kayar da shi a tsakiyar titi.

Injiniya: Malam Mai Walda, kafin na ce komai, tambaya biyu. Da me ka yi ramukan? Kuma ramin da ya tsage, a ina yake a jikin farantin?

Mai Walda: Da wutar walda na ƙona su, Injiniya, ba ni da bakin huda mai faɗin haka. Wanda ya tsage kuma shi ne na ƙasa, kusa da inda na liƙa farantin da firam, bai fi faɗin ɗan yatsa ba daga gefe.

Injiniya: To ka ba da amsar da kanka. Ko da rami ya fita da'ira sumul, matsin da ke bakinsa yana ninka na sauran farantin sau uku. Wani Bajamushe mai suna Kirsch ya fitar da lissafin tun 1898. Naka kuwa na wuta ne, bakinsa duk kaushi da ƙananan tsaga, kowace ɗaya mafarin karaya ce. Sannan ka sa shi a wurin da ya fi ko'ina shan wuya. Duk juyin feda ɗaya, farantin yana ɗan lanƙwasawa, kuma lanƙwasar a gindi take taruwa, a gefe-gefe. Tsakiyar faranti kusan hutawa take yi. Ka cire nama daga inda ake aiki, ka bar shi a inda ake zaman banza. Ƙashi akasin haka yake yi. Abin koyi a ƙashi ba ramukan ba ne, inda ramukan suke ne.

Ɗan Fawa: Ranka ya daɗe Injiniya, wannan ni da idona na sani, don a mahauta na tashi. Duk wanda ya taɓa sara ƙashin cinyar saniya zai gaya maka ba iri ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa. Tsakiyarsa bututu ne, bango mai kauri da tauri, in gatari bai zauna daidai ba sai ya yi tsalle ya dawo maka, ciki kuma ɓargo zalla. Amma in ka zo kan gaɓa, inda ya yi ƙulli, bangon siriri ne kamar ɓawo, ciki kuma wani abu ne kamar soso, jaja-jaja, wanda masu shan romo suke taunawa su tsotse. In ka bar shi ya bushe a rana tururuwa suka cinye maiƙon, ka ɗaga shi ka duba, za ka ga zaren sosan ba a hargitse yake ba. Layi-layi ne, wasu sun sauko a karkace, wasu sun gitta su. Tun ina yaro nake kallonsa, ban san yana da ma'ana ba.

Injiniya: Ɗan Fawa, abin da ka gani shi ne ainihin abin da ya fara wannan fanni. A 1866, a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, wani malamin ilimin sassan jiki, Hermann von Meyer, yana nuna zanen layukan nan na kan ƙashin cinyar mutum. A cikin masu kallo akwai injiniya Karl Culmann, wanda aikinsa shi ne zana hanyoyin da nauyi ke bi a cikin gini. Da ma ya yi irin wannan lissafi a kan wani injin ɗaga kaya mai lanƙwasasshen wuya. Da aka jera zanen biyu sai ga su kamar an kwafa. Layukan da suka sauko daga kan ƙashin su ne hanyar dannawa, waɗanda suka gitta su kuma hanyar ja. Von Meyer ya buga binciken a 1867. Daga baya likitan tiyata na Berlin, Julius Wolff, ya ɗora a kai, a 1892 ya fito da abin da har yau ake kira dokar Wolff: ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake aza masa.

Ɗaliba: Subhanallah. Kuma na karanta cewa daga wannan ƙashin aka kwaikwayi hasumiyar Eiffel ta Faransa. Haka ma tsuntsaye, ƙashinsu holoƙo ne shi ya sa ba su da nauyi.

Injiniya: Ƙanwata, a yi hattara da biyun. Gaskiyar da ke ciki ita ce Maurice Koechlin, ɗaya daga injiniyoyin da suka fara zana hasumiyar, ɗalibin Culmann ne a Zurich. Lissafin malaminsa ya ɗauka, kuma iska ce babbar abin da ya yi wa lissafi. Cewa an ajiye ƙashin cinya a tebur ana kwafa, wannan ƙarin gishiri ne na masu ba da labari. Tsuntsu kuma, da aka auna, ƙwarangwal ɗinsa bai fi na dabba mai shayarwa mai girmansa rashin nauyi ba. Naman ƙashinsa ma ya fi cunkushewa. Abin da ya yi shi ne ya baje ɗan abin da yake da shi ya zama bututu mai faɗi da siririn bango, ya sa 'yan tokare a ciki. Ƙarfi ya ƙaru a nauyi ɗaya. Wannan shi ne zai amfani Malam Mai Walda fiye da ramuka.

Ga lissafi kowa ya gwada. Ɗauki rodi cikakke mai kaurin milimita 20. Ɗauki ƙarfen nan dai, ba ƙari ba ragi, ka mai da shi fayif mai faɗin milimita 40, bangonsa zai zama wajen milimita 2.7. Nauyinsu ɗaya. Amma wajen ƙin lanƙwasa fayif ɗin ya ninka rodin sau 7, wajen ɗaukar kaya kafin ya ba da kai kuma sau 3 da rabi. Galileo ya yi wannan magana tun 1638, har da misalin ƙashin tsuntsu da karan hatsi.

Baba Makaniki: Wannan na yarda, don karan dawa ma haka yake, baya tauri ciki laushi, ga shi yana ɗauke da zangarniya iska na kaɗa shi. Amma Injiniya ka manta abu ɗaya. Siririn fayif in dutse ya buge shi ya lotsa, shi ke nan ya gama aiki. In ruwa ya shiga ciki, tsatsa ta ci shi ba ka gani ba. Mai bango kauri yana da abin da zai ba tsatsa ya rage saura.

Injiniya: Gaskiyarka Baba, ban musa ba. Akwai iyaka. Masu ƙera keken tsere na ƙarfe ba su cika barin faɗin fayif ya wuce kaurin bangonsa sau 50 ba, saboda lotsawar da ka faɗa. Keken da zai yi yawo a kasuwa kuma ai ba za a kai shi ko kusa da nan ba.

Likitar Ƙashi: Ku ba ni dama na sa baki, don ina ganin Baba ya taɓo abin da ya fi komai muhimmanci, ko da ta wata hanya ya zo. Ƙashi yana da rai. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu, masu rushewa da masu gini, dare da rana suna aiki. A jikin baligi wajen kashi 10 cikin ɗari na ƙasusuwansa ake sabuntawa duk shekara. Ƙananan tsaga suna faruwa a ƙashinmu kullum, daga tafiya da ɗaukar kaya, amma kafin su yi nisa an rushe wurin an sake zuba sabo. Shi ya sa ƙashi yake iya zama da ɗan rarar ƙarfi kaɗan. Farantin Malam ba shi da wanda zai bi shi da dare ya ɗinke masa tsaga. Ta fara, sai dai ta ci gaba.

Ko a jiki ma in wahala ta riga gyara sauri, karaya ake yi. Muna ganin haka a sababbin kuratan soja da masu gudun dogon zango: ba faɗuwa, ba bugu, ƙashin tafin ƙafa ko na ƙwauri ya tsage don maimaita taku kawai.

Abu na biyu ya fi damuna. Ƙashi nauyin da ya saba da shi kaɗai ya sani. Wuyan ƙashin cinya, wannan mai kyawawan layukan da Ɗan Fawa ya kwatanta, yana ɗaukar mutum shekara saba'in yana tafiya. Ranar da tsohuwa ta zame a banɗaki ta faɗi ta gefe, bugun ya zo ta hanyar da ba a gina shi dominta ba, nan take ya karye. Galibin karayar ƙugu da nake gani a tsofaffi haka take. Duk wanda zai zana ƙarfe a kan tsarin ƙashi, ya tambayi kansa: faɗuwar gefe fa?

Mai Walda: Likita, wallahi wannan ta shige ni. Don keken nan ba tuƙi kawai ake yi da shi ba. Ana jefa shi saman mota, yara na hawa su uku, wani ma da fedar yake dafawa ya ɗaga jikinsa ya hau kujera.

Injiniya: Ka ga wannan na ƙarshen, dafa feda a hau, ina kyautata zaton ya fi tuƙin kansa wahalar da farantin. Rubuta su duka a takarda. A wurinmu wannan jerin shi ne rabin aiki.

Bari na faɗi yadda hoton da yaron ya nuna maka yake samuwa. Ana ba kwamfuta dunƙulen wuri, a ce mata nan za a ɗaure da noti, nan nauyi zai danna, ga iya ƙarfen da aka yarda ki kashe. Sai ta auna matsi a kowane ɗan yanki, ta rage inda ba ya aiki, ta ƙara inda ya matsu, ta sake aunawa, haka sau da yawa. Aikin masu rushewa da masu ginin da Likita ta faɗa ke nan. Martin Bendsøe ɗan Denmak da Noboru Kikuchi suka kafa tushen lissafin a 1988. A Jamus kuma Claus Mattheck na cibiyar bincike ta Karlsruhe ya fitar da tasa hanyar kai tsaye daga nazarin ƙashi da bishiyoyi. Ba a ce wa kwamfutar ta zana ƙashi ba. Tambaya ɗaya aka yi wa kwamfutar da ƙashin, amsa ta zo iri ɗaya.

Sakamakon kuma ba na wasa ba ne. Masu ƙera jiragen sama na Airbus sun yi wa haƙarƙarin gaban fiffiken jirginsu A380 wannan aiki, suka rage wajen kilo 500 a jirgi ɗaya. A 2013 kamfanin GE ya sa gasa a intanet kan wani maƙalin injin jirgi mai nauyin giram 2,033. Wanda ya ci, wani injiniya ne daga Indonesiya, ya dawo da shi giram 327, kuma ya tsallake gwajin ƙarfi. Masu ƙera motoci na General Motors a 2018 sun nuna maƙalin kujerar mota da a da guda takwas ake haɗawa, ya koma guda ɗaya, nauyi ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, ƙarfi ya ƙaru da kashi 20.

Baba Makaniki: Duk na ji. Nawa ne kuɗin injin da ke fitar da su? Kuma in ya karye a ƙauye wa zai gyara?

Injiniya: Nan kam ka kama ni, Baba. Irin waɗannan na gasa da injin ɗab'in ƙarfe ake yin su, garin ƙarfe ake shimfiɗawa ana narkawa da hasken leza, shafi bisa shafi. Abin riƙe birkin da masu ƙera motar Bugatti suka buga da titaniyam a 2018 awa 45 ya ɗauka, don ya sauko daga kilo 4.9 zuwa 2.9. A jirgi da motar tsere wannan yana biyan kuɗinsa, a keken Malam ba zai biya ba. Sai dai haƙarƙarin A380 da na ambata ba bugawa aka yi ba, sassaƙa su aka yi daga alminiyam. Kwamfuta ta nuna hanyar nauyi, mutane suka gyara zanen ya zama abin da injinsu zai iya yankawa. Malam Mai Walda ma haka zai yi da fayif da faranti.

Ɗaliba: To ni yanzu sai nake ganin kamar sunan ƙashi talla ce kawai. In lissafi ne ke fitar da siffar, me ya kawo ƙashi ciki? Tun 1904 Michell ɗan Ostireliya ya fitar da tsarin tokare mafi ƙarancin nauyi da alƙalami, bai duba ƙashin kowa ba.

Likitar Ƙashi: Ban yarda gaba ɗaya ba, ƙanwata. A fannina ƙashi ne ya tilasta wa injiniyoyi canza zane. In an sa wa mutum ƙugun ƙarfe, ƙarfen ya fi ƙashi tauri nesa ba kusa ba: titaniyam kusan sau biyar ko shida, baƙin ƙarfe kusan sau goma. Sai ya ƙwace duk nauyin, ƙashin da ke kewaye ya ga ba shi da aiki, ya fara zaizayewa, dashen ya yi girgiɗi. Dokar Wolff ce dai, irin wadda ke sa 'yan sama jannati asarar kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na cunkushewar ƙashinsu duk wata, ta kuma sa hannun da ɗan wasan tanis ke bugu da shi ya fi ɗayan kaurin ƙashi. Shi ya sa yanzu ake buga wasu dashen da fuska mai ramuka irin na soso, su rage tauri, ƙashi kuma ya tsiro ya shige ciki ya riƙe. Wannan ba talla ba ce, marasa lafiya ke tafiya da shi.

Injiniya: Ku biyun kuna da rabo. Ɗaliba ta yi gaskiya cewa wasu kamfanoni suna liƙa kalmar don a saya. Amma lissafi tambayar da ka yi masa kawai yake amsawa. Ƙashi yana tuna maka tambayoyin da ka manta. Duba shi da kyau, babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya a jikinsa, duk inda siriri zai haɗu da kauri a hankali yake buɗewa kamar gindin kuka. Jiragen Comet na Ingila da suka tarwatse a sama a 1954, daga kusurwar tagogi da ƙofofin jikinsu tsagar gajiya ta faro.

Mai Zubi daga Maradi: Salamu alaikum. Mu nan masu zubin tukwane da alminiyam, siffa mai lanƙwasa ba ta ba mu wuya, in an sassaƙa samfurin da itace sai mu danna a yashi mu zuba. Muna yi wa masu babur hannun birki da murfi. In Malam yana so a zuba masa maƙalin mai siffar ƙashi, abu ne mai yiwuwa.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Hanyar tana da kyau, kuma alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, 2.7 a kan 7.8. Amma ga wannan wurin ban ba da shawara ba. Zubin gwangwani da tsofaffin fistin yakan ɓoye kumfa a ciki, kuma alminiyam ba ya jure maimaita lanƙwasa kamar ƙarfe, ba ya kuma gargaɗi kafin ya ɓalle. A yi matakin ƙafa da murfin sarƙa da shi, inda in ya karye ba wanda zai faɗi.

Ɗan Fawa: Ni tambayata, tunda ƙashi tsakiyarsa ce mai kaurin bango, bakinsa siriri, haka za a yi fayif ɗin?

Injiniya: A'a, a nan an rabu. Ƙashi yana buɗe baki ne don ya baje nauyi a kan guringuntsi mai laushi. Fayif kuwa bakinsa ne ake wa walda, zafi ya raunana shi, matsi kuma ya taru a wurin. Shi ya sa kamfanin Reynolds na Birmingham tun 1897 ya yi rajistar fayif ɗin keke mai kauri a baki, siriri a tsakiya.

Mai Walda: To Alhamdulillahi, na gode ƙwarai. Ga abin da na fahimta, a gyara min. Babban nauyin ba a farantin yake ba, a firam yake da rodin da nake sawa a ƙarƙashin kujera. Zan cire rodin in sa fayif. Dogon fayif na tsakiya zan ƙara masa faɗi in rage kaurin bango kaɗan. Farantin feda zan yanka sabo mai faɗin gindi, yana tsukewa zuwa sama, rami ɗaya kawai a tsakiya, da injin huda, in goge bakinsa da fayil. Abin da ban sani ba shi ne walda, don siririn fayif wutar lantarki tana huda min shi.

Baba Makaniki: Kada ka taɓa shi da babban rodin walda. Sa ƙarami, ka rage wuta, ka riƙa ɗiga kana ɗagawa, ko ka kai wa masu waldar gas su cika maka da tagulla, ita ba ta cin bango. Bakin kowane fayif ka toshe shi, amma ka bar ɗan ƙaramin rami ta ƙasa ruwa ya samu mafita, ka tsiyaya baƙin mai a ciki kafin fenti. Kuma kada ka ba kowa na farko. Ɗora masa buhun siminti biyu, ka sa yaranka su tura shi a hanya mai gargada sati guda, su riƙa dafa fedar da ƙarfi ta gefe kamar mai hawa. Kullum da yamma ka shafa kananzir a gindin waldar, ka goge, ka barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, layin zai fito a jiƙe.

Injiniya: Buhu biyu kilo 100 ke nan, Baba, in firam ɗin ya ɗauka a ƙara na uku a kwana biyun ƙarshe. Malam, auna tsohon keken da sabon a sikeli ɗaya, ka turo mana lambobin tare da hoton farantin kafin ka shafa fenti.

Mai Walda: In sha Allahu. Gobe da safe zan shiga kasuwa neman fayif ɗin.